Wane Tsuntsu Ne? Tambaya Ga Marubuta Da Masu Ɗaukar Hoto

Akwai wata jimla da ta zama gishirin miya a rubuce-rubucen matasanmu na yau, waƙa ce ko ƙagaggen labari: gari ya waye, iska tana kaɗawa, tsuntsaye suna rera waƙoƙi masu daɗi. Mun karanta ta a littattafan soyayya, mun gan ta a waƙoƙin da ake liƙawa a Facebook, mun ji ta a bakin masu karanta waƙa a dandali. Tambaya ɗaya muke da ita ga duk wanda ya rubuta wannan jimla: wane tsuntsu ne? Kurciya ce ke kukan nan nata mai sanyi, ko hasbiya ce ke gurnani a kan rufin kwano, ko zakaran ƙeƙuwa ne ke tsala ihu a bakin fadama don ya hango mutum? Babu abin da ya haɗa muryoyin waɗannan ukun. Wanda ya zuba su a buhu ɗaya ya rubuta "tsuntsaye" a jikin buhun, bai saurari ko ɗaya daga cikinsu ba. Jimlar ya tsinta a littafin wani, shi ma wancan a wurin wani ya tsinto ta.

Matsayinmu a fili yake. Marubucin da bai san sunan tsuntsun da ke kwana a bishiyar ƙofar gidansu ba, ba shi da hurumin ararsa ya sa a waƙa. Mai wayar da ta cika maƙil da hotunan ɗauki-da-kanka, amma babu hoton halitta ɗaya mai fiffike a cikinta, kada ya zo ya ce mana shi mai son kyawun halitta ne. Kuma ba maganar ado kaɗai muke yi ba. Wasu daga cikin tsuntsayen nan suna ƙarewa a gaban idonmu, sunayensu na Hausa ma suna bin su.

Ba talaucin harshe ne ya jawo wannan ba. Hausa ta raɗa wa tsuntsaye sunaye tun kafin a kawo mana biro: shamuwa, balbela, zalɓe, gauraka, cilakowa, burtu, carki, suda, yautai, tsattsewa, shirwa, shaho, fakara, tuje, dinya, kirinjijiya, kwasakwasa, babba-da-jaka. A karanta su da ƙarfi a ji, kowanne da kiɗansa. Ƙamus ɗin Bargery da aka buga a 1934 yana ɗauke da irin waɗannan sunaye birjik, domin a lokacin a bakin mutane suke, a gona da kasuwa da bakin rafi. Yau a tara ɗalibai goma masu digiri a fannin Hausa, a nuna musu hoton zalɓe da na shamuwa, a ce su bambanta. Muna jin tsoron abin da zai fito.

Magabatanmu kuwa kallo suka yi, kallo na haƙuri. Shaidar tana cikin karin magana. Wanda ya fara cewa ungulu ba ta jewar banza, ya daɗe yana ɗaga kai sama kafin ya gane cewa inda ta yi ta zagaye akwai mushe a ƙasa. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo har ya kusanci namun daji ba su gudu ba, ya yi karatun tafiyar burtu fiye da yadda yawancinmu suka yi karatun littafi. Ga kuma hankaka, da ake ce masa mai da ɗan wani naka. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin zargi kawai, har da camfin cewa wai ba ya yin ƙwai, na wasu yake sacewa. To, masu binciken tsuntsaye sun tabbatar da cewa akwai wani tsuntsu da ba ya gina sheƙa, sai ya faki ido ya zuba ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuma hankaka ya ƙyanƙyashe ya rena. Ashe ba ɓarawo ba ne, shi aka yi wa wayo. A ganinmu wani tsoho ne ya leƙa sheƙar hankaka ya ga ɗan da bai yi kama da iyayensa ba, daga nan maganar ta samo tushe. Ya kuskure fassarar, amma ya ga abin da idonsa. Marubucin da ke zaune a ɗaki yana kwafo "tsuntsaye suna rera waƙa" ko kuskuren bai kai ya yi ba.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne irin dukiyar da ake tsallakewa a tafi aro. Mawaƙin soyayya na yau, in zai siffanta masoyiya, sai furen da bai taɓa shinshinawa ba, sai dusar ƙanƙarar da bai taɓa takawa ba, sai ɗawisun da asalinsa na ƙasar Indiya ne, wanda a fim ya fi ganinsa. Alhali ga cilakowa nan a kan bishiyar bayan gari. In lokacin ƙwai ya yi, macen takan shiga kogon bishiya, a toshe bakin kogon da laka da kashi har sai ɗan tsagin da baki zai iya shiga ya rage. A ciki za ta zauna makonni, gashin fikafikanta ya zube, ba ta iya tashi ko da an buɗe mata. Namijin ne zai yi ta jigila, fara bayan fara, ƙwaro bayan ƙwaro, yana miƙa mata ta wannan tsagi. In wani yaro ya harbe shi da danƙo a hanya, rayuwarta da ta 'ya'yanta ta shiga haɗari. Wane fure ne zai faɗi abin da wannan ya faɗa a kan amana da dogaro, da tsoron da ke cikin dogaro? Marubuciyar da ke son yin magana a kan kulle ma, ko yabo za ta yi ko suka, ga hoto nan an ajiye mata kyauta.

Ko a ɗauki ɗan tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da baƙin kai, wanda ke rataya sheƙunansa da yawa a bishiya ɗaya kamar an shanya ƙananan kwanduna. Namijin ne masaƙi. Zai yanko ciyawa ɗanya tsiri-tsiri ya saƙa ɗaki, sannan ya rataya a ƙasansa yana karkaɗa fikafikai yana kiran mace. Ta zo ta duba. In bai yi mata ba ta yi gaba, shi kuma sau da yawa ya warware ya sake sabon gini. Duk saurayin da ya taɓa haɗa lefe ya san wannan labari. Gauraka kuma, mai tukkun zinariya, ita da abokin zamanta sukan yi rawa, su yi tsalle su buɗe fikafikai su sunkuya wa juna. Balbela da kowa ke misalta fari da ita, ba kullum take fara fat ba: in lokacin aurenta ya zo, kanta da ƙirjinta da bayanta sukan yi launin ƙasa-ƙasa mai ja, kamar wadda ta sha lalle. Wannan balbelar da ke bin shanun Fulani tana tsintar ƙwarin da kofato ya tayar, 'yan uwanta ne suka ƙetare Tekun Atlantika da fikafikansu a ƙarshen ƙarni na 19 suka sauka a Kudancin Amurka, daga can suka bazu har Arewacin Amurka. Mai rubuta waƙar ci-rani da ƙaura bai taɓa jin wannan ba, don bai taɓa tambaya ba.

Mun san amsar farko da za a ba mu: kallon tsuntsu aikin Turawa ne, aikin wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi. Wannan magana ba ta da ƙafa. A Alƙur'ani mai girma, alhudahuda ne ya kawo wa Annabi Sulaiman, alaihis salam, labarin sarauniyar Saba'i. Hankaka ne ya nuna wa ɗan Adam yadda zai binne ɗan'uwansa. A Suratul Mulk an ja hankalin mutane su dubi tsuntsayen da ke samansu, yadda suke shimfiɗa fikafikai suna naɗewa. 'Yan'uwanmu Kirista su ma Linjila ta umarce su da duban tsuntsayen sama. Malamin sufaye na ƙasar Farisa, Fariduddin Attar, ya gina doguwar waƙarsa ta Manɗiƙuɗ Ɗairi a kan taron tsuntsaye da alhudahuda ke jagoranta, fiye da shekara 800 da suka wuce. A gida kuma, Abubakar Imam bakin aku ya ba labaran Magana Jari Ce, har aku ya zama waziri. Ko da yake, a faɗi gaskiya, wannan aku mutum ne da fikafikai: darajarsa ita ce ya iya maganarmu. Tsuntsun da ba ya faɗin komai sai kukansa, shi ne har yau adabinmu na boko bai ba shi kujera ba.

Su Turawan ma da ake jingina musu abin, da tsuntsayenmu suke taƙama rabin shekara. A 1819 mawaƙin Ingila John Keats ya rubuta shahararriyar waƙarsa ga wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da suke kira naitingel, waƙar da har yau ake karantar da ita a jami'o'inmu. Wannan tsuntsu ba ya yin hunturu a Turai. In sanyi ya kawo kai yakan ƙetaro Sahara ya sauko Afirka, kuma dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da na Najeriya, suna cikin masaukansa. Ɗalibi zai haddace sharhin waƙar don cin jarrabawa, bai san mai waƙar yana iya kasancewa cikin kurmin bayan makarantarsu ba.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, ba kuma za mu raina ta ba. Za a ce mutane na fama da yunwa da tsadar rayuwa, dazuzzuka da yawa sun zama mafakar 'yan bindiga, wa ke da sukunin bin tsuntsu? Gaskiya ne akwai dajin da mai hankali ba zai shiga yau da kyamara ba, ba ma cewa kowa ya shiga. Amma wanda ya raba labarin tsuntsu da labarin yunwa bai san ɗayansu ba. A je dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe. Nan ne agwagin ruwa da sauran tsuntsayen bakin ruwa daga Turai da Asiya ke sauka dubbai bayan sun ƙetare hamada, su yi rani tare da dinya da kirinjijiya 'yan gida. Saboda muhimmancinsa ne Tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Akwai Dagona a ƙasar Bade, akwai Baturiya a Jigawa. Ruwan da ke malala ya cika wannan dausayi ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Yanayin malalar ya sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Masuncin da kalarsa ta ragu, da manomin shinkafar da gonarsa ta koma kacala, da makiyayin da ya rasa burtali, da agwagwar da ta taso daga wata nahiya ta tarar masaukinta ya canza, ruwa ɗaya suke kuka a kansa. Mawaƙin da ke son rubuta waƙar talaka, ga ta nan, kuma da tsuntsu a cikinta.

Kada kuma a ɗauka muna kira ne a yi ta yi wa tsuntsaye kirari kamar duk salihai ne. A cikin kacalar nan jan baki ke samun maɓoya. Wanda ya taɓa ganin garkensa ya taso kamar hayaƙi ya rufe rana, ya sauka a gonar gero ko shinkafa ya tashi ya bar kara, ya san dalilin da ya sa manomi ke zaginsa, ya san dalilin da ya sa hukumomi ke tura jiragen sama su yi feshi a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe. Yaran da ke wuni a gona tun asuba suna kaɗa gwangwanaye suna ihu har muryarsu ta dishe, su ma cikin labarin tsuntsu suke. Jan baki abin tsoro ne, kuma tashin garkensa na daga cikin abubuwan da suka fi ban mamaki da ido zai gani a ƙasar nan. Waƙar da ta iya riƙe waɗannan biyun a baiti ɗaya ita muke nema. Mai "tsuntsaye suna rera waƙoƙi masu daɗi" bai san akwai manomin da wannan kukan ke sa gabansa faɗuwa ba.

Sai maganar waɗanda ke tafiya. A tambayi duk wanda ya haura shekara arba'in yadda kwata take a da: ungulaye a kan katanga, a kan rufi, a ƙasa suna tsalle tsakanin mahauta ba mai kula su. Yau a garuruwa da yawa yaro zai girma bai ga ungulu ba sai a karin magana. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba na kashe ta, ana kuma farautarta a sayar da kanta da sassan jikinta ga masu tsibbu. Mun raina ta don tana cin mushe, alhali cin mushen shi ne aikin tsaftar da take yi mana ba albashi. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya: a shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulunsu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, har aka hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Gauraka kuwa, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ganinta a dajin Najeriya ya zama abin labari. An fi samunta a farfajiyar gidajen masu hali, an cire mata gashin fiffike tana zagaye kamar kaza. Jiminar Sahel ta kai ga sai a killace ake renonta a Kelle, cikin jihar Damagaram, ana fatan wata rana a mayar da ita daji. Nawa ne daga cikin marubutanmu suka yi wa ungulu ko da baiti biyu na ta'aziyya?

A nan ne maganar hoto ta shigo, kuma a nan ne uzuri ya ƙare. Kakanninmu da ido da baki kawai suka adana abin da suka gani. Mu kuwa kusan kowa na yawo da kyamara a aljihu. Me ake ɗauka da ita? Fuska, faranti, sabon ɗinki, fuska kuma. In an tashi yin bangon littafi ko a raka waƙa da hoto, sai a shiga intanet a kwaso tsuntsun wata ƙasa, ko a sa kwamfuta ta ƙago wani mai launi bakwai wanda Allah bai halitta ba. Mafi muni su ne masu kama tsuntsu da tarko, su ɗaure masa ƙafa da zare, ko su zaro 'ya'ya daga sheƙa su riƙe a tafin hannu don hoton ya fito da kyau. Wannan hoton zalunci ne, ko an sa masa baitin waƙa a ƙasa.

Gaskiya ne wayar hannu ba za ta kamo tsattsewa a sama ba, kuma manyan kyamarori masu dogon hanci sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Amma balbela ba ta gudun mutum, hasbiya ma haka, hankaka kuwa har kusa yake zuwa. A fita bayan sallar asuba lokacin da haske ke da laushi, a sa rana a bayan kai, a zauna wuri ɗaya a yi shiru, su za su zo. Wanda ya samu aron madubin hangen nesa ya ɗora idon wayarsa a kai, zai sha mamaki. In hoton ya ƙi, a naɗi kukan. Abu ɗaya da ba a yafewa shi ne a bar hoton ba suna: a rubuta sunan tsuntsun da Hausa, da garin, da ranar. In ba a san sunan ba, a kai wa tsohon maharbi ko masunci ko makiyayi, su ne malaman wannan fanni, kuma ba su da yawan lokaci a tare da mu. A rubuta yadda Bakatsine ke kiransa, da yadda Badamagare ke kiransa, in sun bambanta.

Hoton da ke da suna da wuri da rana ya zama shaida. Najeriya na da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma ba a gama sanin inda kowanne yake ba. Sai a 1998 masana suka bayyana wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun Jos a matsayin nau'in da kimiyya ba ta san da shi ba. Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, mai alaƙa da Jami'ar Jos, tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma da rahoton 'yan sa-kai masu waya a hannu aikin yake tafiya. Matashin da ke Gumel ko Illela ko Azare yana iya zama mutum na farko da ya rubuta cewa tsuntsu kaza yana sauka a garinsu. Ga editocin mujallu irin wannan kuma, muna da roƙo: in an aiko da waƙa mai "tsuntsaye" a cikinta, a mayar wa mai ita a tambaye shi wanne.

Wanda ke neman inda zai fara, ya jira shamuwa. Takan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, shi ya sa manomi ke duba fartanyarsa in ya gan ta. Baƙa ce mai farin ciki, fuskarta da shuɗi da ɗan ja kusa da ido a lokacin ƙwai. A cikin gari take sheƙa, a kan kuka ko tsamiya ko rufin ɗaki, ba ta tsoron mutane don an daɗe ba a taɓa ta, kuma fara da tsutsar gona take ci. In damina ta janye sai ta tattara 'ya'yanta ta nufi kudu, ta ƙetare tsakiyar Afirka har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda ruwa ke sauka lokacin da mu muke cikin hunturu. A rubuta ranar da ta fara sauka a unguwa bana, a ƙirga sheƙuna nawa ne a bishiyar, a ɗauki hoto. Baɗi a sake ƙirgawa.